Wa Zai Wanke Rakiya

A shekarar da aka yi ta zancen zuwan Sarauniyar Ingila Kaduna, mutanen Kankara ba Sarauniya ce ta dame su ba, masauki ne. Auduga ta yi daraja, motoci suna tasowa daga Funtuwa suna komawa a danƙare, baƙi kuwa sai kwararowa suke yi, wani da jaki, wani da tabarma kawai a hammata. Mai dangi ya sauka wurin danginsa. Wanda ba shi da kowa sai a nuna masa bayan kasuwa, a ce ya tambayi Gidan Gayya.

Mutanen unguwa ne suka gina gidan da hannunsu tun wata shekarar yunwa. Suka kwaɓa ƙasa, suka ɗora jinka, suka ce na duk wanda Allah ya jefo ne. Ba a biyan haya. Wanda ya samu ɗaki zai riƙa shara, ya ja ruwa idan ranarsa ta zo, ya kawo damin shuci idan lokacin baibaya ya yi. Mai unguwa ya damƙa gidan a hannun Malam Barau, wani siririn dattijo mai saurin fushi da saurin hucewa, kuma shi ke shigar da kowane sabon baƙo. A zaure ake yi. A tara mutanen gida, Malam ya fasa goro, kowa ya gutsura, shi ke nan baƙo ya zama ɗan gida, duk wanda ya tauna kuwa shaida ne.

Amma kafin goron akwai tambaya, kuma ita ta sa ake cewa Malam Barau baƙin baki gare shi. Ba ruwansa da sana'arka, ba ruwansa da abin da ya koro ka daga garinku. Sai ya dube ka ya ce, "In ta Allah ta kasance, wa zai wanke ka?" Ba ya karɓar "Allah na nan". Sai ka kawo mutum mai rai ya tsaya a zaure ya ce shi ne. Mutum ya zo neman wurin kwana a tare shi da zancen makara, ai dole a yi gunaguni. Sai dai waɗanda suka san asalin abin ba sa ganin laifinsa. A farkon riƙonsa wani baƙo daga wajen Sabuwa ya kwanta a gidan bai tashi ba, aka rasa wanda ya san sunan ubansa, balle addininsa. Gawa ta wuni a ɗaki cikin zafin bazara, maza suna tsaye a ƙofa kowa yana duban ɗan'uwansa. Daga ƙarshe Malam Barau ne ya naɗe hannun riga ya wanke ta, yana yi yana hawaye don kunya, kuma tun ranar ya rantse ba za a sake ba.

Rakiya ta san da tambayar, duk Kankara ma an sani. Abin da ba ta taɓa zato ba shi ne wata rana ita za a yi wa.

Bamagujiya ce, daga wani ɗan ƙauye bayan Ketare, kuma shekara da shekaru tana kawo daddawa kasuwar Kankara, tana zama gindin tsamiya kusa da masu tuwo. Maigidanta ya rasu bara waccan. Ɗanta guda, Mani, ya tafi haƙar kuza Jos tun yana saurayi, tun ana jin labarinsa har aka daina. Da ƙasarsu ta gaji, dangin mijin suka tattara suka nufi sabon daji can bayan Faskari, suka ce ta zo. Ta ce gwiwarta ba za ta iya ba. Gwiwar kam tana ciwo, amma ba ita ce ba. Kushewar mijin tana bayan rumbunsu, kuma Rakiya ta kasa juya mata baya. Haka ta zauna ita kaɗai a kufai, ita da kaji, har iskar farkon damina ta zo ta kwashe jinkar ɗakinta ta ajiye a gonar wasu. Ta tsaya tana duban sama daga cikin ɗakinta, hadari yana haɗuwa ta gabas, ta san zaman ya ƙare.

Ta iso Gidan Gayya ana gobe kasuwa, da tukunyar daddawa a ka da ƙunshin tsummokara a hannu. Malam Barau yana zaure yana tufkar igiya.

"Sannu da rana, Malam."

"Sannu, Inna. Yau ba kasuwa ba, mi ya hito da ke?"

"Ɗaki nike so."

Ya ajiye igiyar. Ta ba shi labarin jinkar a taƙaice, har da 'yar dariya, don Rakiya ba ta iya ba da labarin wahalarta da marairaicewa ba. Ya saurara har ta gama, sannan ya ce ɗaki guda ya rage, na kusa da rijiya. Akwai kuma wani tela, Lawwali, da ya zo daga Faskari da keken ɗinkinsa ya riga ta tambaya, kuma shi kawunsa ya tsaya masa.

"Amma tela yaro ne, rumhwa ta ishe shi kwana biyu," in ji Malam. "Ke kuwa ruwa ya doke ki sau ɗaya sai wani zance. To, kin dai san tambayata."

"Na san ta."

"Wa zai wanke ki?"

Ta ce ba ta da kowa. Ya ce ɗanta fa? Ta ce yana kuza, in yana nan. Ya ce dangin maigidan fa? Ta ce kafin ɗan aike ya kai musu ya komo, ƙudaje sun gama nasu aikin. Malam Barau ya kau da kai, don maganar ta taɓa shi a inda yake ciwo.

"Shiga cikin gida ki nema," ya ce. "Mace, mace ke wanke ta. Zan riƙe maki ɗakin har kasuwa ta watse gobe. In ta watse ba ki samu ba, na Lawwali ne, kada ki ga laihina."

Roƙon gishiri ma yana da nauyi a bakin wanda bai saba ba, balle wannan. Rakiya ta tsaya tsakar gida tana duban ƙofofi, ba ta san ta inda ake fara irin wannan magana ba. Ta fara da Adama, wata Bafillatana mai nono da suke gaisawa a kasuwa. Adama ta shimfiɗa mata tabarma, ta dama mata fura, ta saurare ta da kyau. Sannan ta ce da tana da hali da ta yi, amma su ba mazauna ba ne, ruwa na sauka za su bi shanu. Gaskiya ta faɗa, Rakiya ma ta san gaskiya ce. Ta je wurin tsohuwa Hajaratu, ta tarar da hannunta yana rawa, ita kanta wanka ake yi mata. Ta gaishe ta kawai ta fito. Matan leburorin auduga kuwa, wannan ta ce sai ta tambayi mijinta, waccan ta ce ba ta taɓa ba, wata ta shige ɗaki tun kafin a iso ƙofarta, don labari ya riga Rakiya zagaya gidan.

Ramatu ce ta ƙarshe, yarinya mai tsohon ciki. Da ta ji abin da ake nema sai ta dafe cikin da hannu biyu, idonta ya kawo ruwa.

"Inna, ki yi mani aikin gahwara. Ni ko kaza aka yanka ba ni iya kallo." Sannan ta rage murya. "Amma Inna, mi zai hana ki karɓi kalmar shahada? Da kin karɓa, wanka ya hau kan kowa, ba sai kin roƙi kowa ba."

Da kyakkyawar zuciya ta faɗa. Rakiya ta yi mata godiya, ta sa wa cikin albarka, ta fito.

Ƙofa guda ce ba ta tsaya ba, ta Goggo Saudatu mai tuwo. Saudatu ta fi kowa daɗewa a gidan, kuma duk wanda ya taɓa zama kusa da tsamiyar kasuwa ya san abin da ke tsakaninta da Rakiya. Kowace kasuwa Saudatu za ta sayi daddawa, kuma kowace kasuwa sai ta shinshina ta yamutsa fuska ta ce ba ta nuna ba. Rakiya ta ce ai tuwon da za a zuba wa miyar ma kare sai ya jiƙa shi kafin ya iya ci. Daga nan a shiga iyaye da kakanni, masu cin tuwo suna dariya har su ƙware. Sun tsufa a haka. Rakiya ta ce a ranta gara ruwa ya doke ta da ta durƙusa gaban wannan mata, gobe a ba da labarinta gindin tsamiya. Ta wuce ta gaban ƙofar kanta a sama, Saudatu na zaune da rariya a hannu, Rakiya ko inda take ba ta duba ba. A rumfar kasuwa Rakiya ta kwana, iska tana kaɗawa da ƙamshin ruwan da ya sauka wani wuri.

Da hantsi, kasuwa ta fara cika, ta koma zaure. Lawwali tela ya riga ta zuwa, yana zaune a gefe da kan kekensa naɗe cikin buhu. Ya gaishe ta da ladabi, ya sunkuyar da kai, shi ma abin bai yi masa daɗi ba. Rakiya ta durƙusa gaban Malam Barau, gwiwar tana ƙara.

"Malam, ban samu ba. Amma an hwaɗa mani wata hanya. Hwaɗi kalmar in maimaita."

"Wace kalma?"

"Taku, ta shahada."

Malam Barau ya tsayar da tufkar igiyarsa ya dube ta. "Zuciyarki ta so, ko ɗakin kike so?"

Da ta yi ƙarya da ta huta, amma ba ta iya ba. "Ɗakin nike so," ta ce. "Zuciyata tana inda maigidana yake. Inda ya tahi nan nike son tahiya."

Sai ga fushin nan nasa ya taso, har igiyar hannunsa ya yar. Ba da ita yake ba, shi kansa bai san da wa yake ba. "Ni Barau in sayar da ɗaki da kalmar shahada? In je in ce wa Ubangiji mi? Ran da zuciyarki ta so, ko tsakiyar ruwa ne ki aiko, zan taho da gudu. Amma ba don jinka ba. Tashi, Inna, tashi, kada ki sa ni cikin zunubi."

Ta yunƙura za ta tashi. Ba ta ji haushinsa ba, ta ma ji ya girmama ta, amma girma ba ya tare ruwan sama. Tana laluben tukunyarta ke nan aka bankaɗe zanar da ta raba zaure da tsakar gida, sai ga Goggo Saudatu da muciya a hannu, gari har gira.

"Ke mai daddawa! Tsaya nan, ina da shari'a da ke. Malam, kai ne alƙali." Ta nuna Rakiya da muciyar. "Matar ga ta bi gidan ga ƙohwa ƙohwa jiya. Ta shiga wurin mai nono. Ta shiga wurin Hajaratu da ba ta iya ɗaga ludayi. Ta shiga wurin Ramatu, ɗiyar da aka haihwa gabana. Ni ina zamne, na hwasa tankaɗe ina jira, har na jawo mata kujera. Ta wuce ni kamar kututture. Mi na yi maki? Hannuna kuturu ne?"

Rakiya ta saki tukunyar. Da ƙyar ta ce, "Cewa na yi dariya za ki yi mani."

"Dariya kam zan yi, wa zai hana ni? Amma shekara nawa ina cin ruɓaɓɓar daddawarki ban sayi ta kowa ba, ke ba ki taɓa tambayar kanki dalili ba? Jiya ko barci ban yi ba don takaici." Ta ja tsaki. Ta juya ga Malam. "Ni zan wanke ta. In sa soso in dirje ta, ko warin kalwar nan ya hita sau ɗaya."

Lawwali ya yi dariya ya rufe baki. Malam Barau bai yi ba. Ya ce wa Saudatu ta san dai Rakiya ba Musulma ba ce. Ta ce da can ta ɗauka limamiya ce? Ya ce salla ba za a yi mata ba, ita ma ba ta nema ba, amma sutura haƙƙin maƙwabci ce, wannan babu gardama.

"Sai dai Goggo, kin san yadda suke nasu?"

"Wanka ai wanka ne."

"A'a. Alkawarin da ba ki san yadda ake cika shi ba, ba alkawari ba ne. Ku shiga ta nuna maki. In kin iya ki kira ni in hwasa goro. In abin ya hi ƙarhinki, ki hwaɗa mani gaskiya tun kasuwa ba ta watse ba."

Ranar kasuwa ce, ranar da tuwon Saudatu ya fi tafiya. Ta dubi tukunyar da ta ɗora, ta sauke ruɗen ta ajiye gefe, ta mai da ruwa kan murhu. Ta ce wa Ramatu ta gaya wa masu cin tuwo yau su ci rogo.

A makewayin bayan ɗakin Saudatu aka yi, inda zana ta kare su. Rakiya ta sa aka jefa ganyen sabara cikin ruwan, ta ce a gidansu haka ake yi. Aka shimfiɗa tsohuwar tabarma, ta kwanta da ɗaurin ƙirji, ta miƙe ƙafafu, ta rufe ido. Sai kuma ta buɗe ido guda.

"Daga ƙahwa ake hwarawa."

"Mu daga dama muke hwarawa."

"To ai ba ku ba ne. Ƙahwa ta hi kowa shan wahala, ita ake hwara sallama."

Saudatu ta yi gunaguni ta ɗebo ruwa a ƙwarya ta zuba. Rakiya ta janye ƙafa ta ce da zafi. Saudatu ta ce gawa ba ta magana. Rakiya ta ce gawar da aka dafa za ta yi. Suka yi ta haka, ana zuba ruwa ana faɗa, har matan gida suka taru bayan zana suna ƙyaƙyatawa a ɓoye. Rakiya ta nuna mata yadda za ta tsefe kan ta sake kitsa shi, da baƙin zanen da ke cikin ƙunshinta wanda za a naɗe ta da shi, da gefen da za a kwantar da ita. Saudatu tana ji tana maimaitawa, kuma duk tsiwarta ba ta bar ko ɗaya ya wuce ta ba. Inda ba ta gane ba sai ta ce a sake.

Da ta riƙe diddigen Rakiya a tafin hannunta sai faɗan ya ragu. Kaushi ya tsattsage shi, wata tsagar har da jini a busasshe, ga ƙayar da ta karye a ciki ta daɗe. Saudatu ta san tafiyar Ketare zuwa Kankara, ta kuma san da wannan ƙafar aka yi ta kawo mata daddawa. Ta ciro allura daga gefen ɗankwalinta ta cire ƙayar a hankali, duk da ba ya cikin abin da aka ce ta koya.

"Juya in ga bayan."

Rakiya ta juya. Saudatu ta saɓa soso da sabulun salo ta fara cuɗawa daga kafaɗa zuwa ƙugu, tana yi da ƙarfi irin na mai tuƙin tuwo. Can ta ji bayan yana rawa a ƙarƙashin hannunta. Ta ɗauka dariya ce, ta leƙa, ta ga ba dariya ba ce.

"Na ji maki ciwo?"

"A'a." Rakiya ta goge fuska da gefen tabarma. "Tun da maigidan ya kwanta, ba wanda ya taɓa mani baya. Na manta akwai wurin da hannuna ba ya kaiwa."

Saudatu ta ci gaba da cuɗawa, amma yanzu a hankali. Ta kori matan da ke bayan zana da tsawa guda, suka watse. Aka bar su su biyu, sai ƙarar ruwa da hayaniyar kasuwa daga nesa.

"Saura mi?" in ji Saudatu.

"Saura babban. A gidanmu mai wanka ba ta yin shiru. In ta gama sai ta sunkuya ta kira gawa da sunanta, ta hwaɗa mata wurin wa za ta. Mace wurin mijinta ake miƙa ta. A kira sunanshi a kunnenta, a ce ga wane can yana jiranki. In ba a kira ba, sai ta tsaya a hanya tana dube-dube kamar baƙuwa a kasuwa."

Saudatu ta yi istigfari a ciki-ciki. Ta ce wannan tsakanin Rakiya ne da wanda ya halicce ta, ita dai kiran suna ba zai karya mata alwala ba. "To, mi sunanshi?"

Nan fa aka tsaya. Mijin Rakiya manomi ne da bai damu da kasuwa ba, ba wanda ya san shi a Kankara sai da mijin mai daddawa. Waɗanda suka san sunansa sun yi gaba bayan Faskari. Ita kuwa Rakiya, tun ranar da aka kai ta gidansa tana yarinya, sunan nan bai taɓa fita daga bakinta ba. Wace mace mai kunya ce za ta kama sunan mijinta? Maigida take cewa, ko mutumin nan, in kuma ta yi fushi ta ce shi wancan. Ko yaro aka sa wa irin sunan, wani laƙabi take nema masa. Da yana raye ba ta faɗa ba, da ya mutu ma a kukan da ta yi ba ta faɗa ba.

"Ki ce mijinki kawai," ta ce.

"Ke kika ce suna ake kira."

"To, irin sunan da ake sa wa namijin da aka haihwa ran Litinin."

"Sunaye irin wanga sun hi ɗaya. In na kuskure na miƙa ki ga mijin wata, wa zai raba rigimar? Ni ba ni wasan ƙacici-ƙacici da gawa."

Rakiya ta tashi zaune, ruwa yana ɗiga daga kitsonta, ta juya wa Saudatu baya. Kunya ta kama ta irin wadda rabonta da ji tun tana amarya, tsohuwa da furfura, har kunnuwanta suka yi zafi. Daga zaure aka ji tarin Malam Barau. Rana ta karkata, masu jakuna na nesa sun fara ɗaure kaya, kuma hadarin jiya ya dawo ya tsaya a gabas. Saudatu ba ta matsa mata ba. Ita ma ta yi aure ta san nauyin abin, ta san kuma ba a fizge shi daga bakin mace. Ta ɗauki ƙwarya ta ci gaba da zuba ruwan ɗumi a kafaɗar Rakiya kaɗan kaɗan, kamar ba jiran komai take ba.

"In ban hwaɗa ba fa?" in ji Rakiya.

"Sai in hita in ce wa Malam ban iya ba. Ba ni yi mashi ƙarya, ke ma ba ki yi mashi ba."

Maigidan ya faɗo wa Rakiya a rai. Ta tuna shi a bakin gona da fartanya a kafaɗa, yana kiranta da ƙarfi don ta kawo ruwa, shi da bai taɓa jin nauyin nata sunan ba. Ta tuna ranar da ya tsokane ta ya ce zai ba ta akuya in ta kira shi sau ɗaya, ta jefe shi da marar kwasar tuwo ta gudu ɗaki. Ya mutu bai ji ba. Wannan ne ya soke ta, har ta ji da ma ta karɓi akuyar. Ta jawo kan Saudatu kusa, ta sa baki a kunnenta.

"Tanimu."

Sunan ya fito cikin raɗa, kamar ba da muryarta ba. Saudatu ta ji shi sarai, kunnenta ras yake, ita da ke jin gulmar da ake yi a ƙarshen kasuwa. Amma ta ga fuskar Rakiya, ta ga yadda leɓenta ya tsaya a buɗe yana son ƙari.

"Mi kika ce? Kunnen ga ya tsuhwa. Sake hwaɗi."

"Tanimu."

"Ɗaga murya, ruwa ya shiga mani kunne."

"Tanimu," in ji Rakiya, wannan karon a fili, tana dariya hawaye yana zuba. "Tanimu. Tanimu na bayan rumbu."

Saudatu ta share nata idon da bayan hannu, sabulu ya shiga, ta tsine wa sabulun. Ta miƙe ta leƙa ta saman zana ta ƙwala kira har sai da kajin gidan suka watse.

"Malam! Hwasa goronka, na iya!"

Ta dawo ta durƙusa ta ɗauki soson, don akwai sauran wurin da ba ta cuɗa ba. Rakiya ko kiran ba ta ji ba. Tana zaune a jiƙe kan tabarma, ta rungume gwiwarta mai ciwo, tana ta faɗin sunan a hankali.